Ba Kowane Gwangwani Ne Kirim Ba

A shagunan kayan shayi na kasuwar Wunti da ta Muda Lawal a Bauchi, gwangwanayen madara a jere suke, girmansu kusan ɗaya, amma abin da ke ciki ya sha bamban. Yawancin girkin da ke ɓaci a hannun uwargida, tun daga wurin saye ya ɓaci.

Wadda kowa ya sani ita ce madarar ruwa, irin su Peak, da ta shigo Najeriya a 1954. Madarar shanu ce da aka dafa har kusan kashi 60 cikin ɗari na ruwanta ya ƙone, shi ya sa take da kauri. Maiƙonta bai kai kashi 10 ba. Akwai kuma mai sauƙin kuɗi, irin su Three Crowns, wadda aka cire mata maiƙon nono aka zuba man itatuwa a madadinsa. Ba laifi a shayi ko kunun gyaɗa, amma ko kusa ba abincin jariri ba ce, kamar yadda madara mai danƙo, wadda kusan rabinta sukari ne, ita ma ba abincinsa ba ce.

Kirim kuwa wani abu ne daban. Shi ne maiƙon nan da ke tasowa saman madara idan ta kwana, wanda matan Fulani ke kaɗawa su fitar da man shanu. Na gwangwani, irin na Nestlé da Puck da alhazai suka saba gani a Saudiyya, maiƙonsa kan kai kashi 20 zuwa 25. Wannan ya isa ya ba romo kauri da santsi, amma bai isa ya yi kumfa ba, don sai maiƙo ya haura kashi 30 kirim ke tashi. Mai son ado a kan kek, ko ta wuni tana bugawa, wahalar banza za ta sha. Shi kuma abin da ake kira kirim ɗin salak, mai da ruwan tsami da ƙwai ne, ba maiƙon nono ba.

Dangwale ba baƙon abu ba ne a Bauchi: masa da miyar taushe, tsire da yajin ƙuli. Abin da ya zo daga baya shi ne farin haɗin da ake dangwala samosa da soyayyen dankali a ciki, musamman da azumi. Kirim, dakakkiyar tafarnuwa, gishiri, masoro, sai ɗan lemun tsami a ƙarshe. Tsamin ne ke daskarar da shi ya kama jiki. A miya mai tumatir kuwa, sai an rage wuta za a zuba kirim, in ba haka ba ya tsinke ya yi gudaji. A ganina, kindirmo mai kyau da aka tace a ƙyalle mai tsabta ya fi daɗi a wannan haɗi, ga shi kuma kuɗinsa bai kai na kirim ba.

Gwangwani yana daɗewa ne saboda an dafa shi a rufe. Da zarar an huda shi, ya koma kamar ɗanyen nono. A juye ragowar a mazubi mai murfi a sa a firji, a ƙarar cikin kwana biyu zuwa uku. Idan babu wutar lantarki, a zafin Maris da Afrilu, ko kwana kada ya yi. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wanda ya kumbura ko yake yoyo, kada ma a ɗanɗana, domin gubar da ke iya taruwa a cikinsa ba kullum take wari ba.