Ba wadda kake lodawa a waya ce kaɗai data ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Tunda na ambaci data, bari mu fara daga nan. Idan ka tare matasa goma a tashar Kazaure ka ce mece ce data, mafi yawa za su ce ita ce wadda ake saya a hau WhatsApp da TikTok. Ba ƙarya suka yi ba, amma reshe suka kama. A harshen masu kwamfuta, data na nufin ɗanyen bayani da ba a riga an sarrafa ba: sunanka, ranar haihuwarka, zanen yatsanka, makin da ka ci a jarrabawa, yawan buhunan geron da aka shigo da su kasuwar Babura. Abin da kamfanin waya ke sayar maka kuwa, izini ne na adadin bayanan da za su bi ta layinka. Kuɗin mota kake biya, kayan da aka ɗauko daban ne.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, yankinmu ba baƙon kwamfuta ba ne. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, a farkon shekarun 2000, aka kafa cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, wadda kowa ya fi sani da Informatics. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu. A 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da kafa jami'ar fasaha a Babura. Amma duk da haka, akwai yaro daga ƙauyen Roni ko Gwiwa wanda ranar JAMB ce rana ta farko da hannunsa zai taɓa linzamin kwamfuta. Kuma tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, babu sauran takarda da fensir. Wannan yaron ya san amsa fa, na'urar ce bai sani ba.

To, me kwamfuta ke yi da data? Ku tuna da injin niƙa. Ka kai dawa an zuba a baki, wannan ita ce shigarwa. Inji ya murƙushe ta, wannan sarrafawa kenan. Gari ya fito, fitarwa. Ka ɗaure a buhu ka ajiye, adanawa. Kibod da linzami da kyamara da na'urar ɗaukar zanen yatsa duk bakin inji ne. Sikirin da firinta da sifika ta nan gari ke fita. Ainihin mai niƙan shi ne furosesa, wanda ake rubutawa CPU a taƙaice. Idan mai POS ya sa katinka, ka danna lambar sirri, na'ura ta tuntuɓi banki, takarda ta fito, matakan nan ne suka gudana a gabanka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Haka BVAS ta yi da yatsanka da fuskarka a zaɓen 2023.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Injin niƙa ba ya tsince tsakuwa. Ka zuba da tsakuwa, da tsakuwa za ka ci tuwo. Kwamfuta ma haka take, ba ta san cewa Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne ba, a wurinta mutum uku ne. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajistar JAMB, kuma sunan da ke kan NIN ɗinka shi tsarin zai ɗauko. Idan a can an rubuta Abdullahi, a takardar sakandare kuma Abdullah, ko an juya rana da wata a ranar haihuwa, to ka sayi wahala: zirga-zirga, kuɗin gyara, wani lokacin har gurbin karatu ya wuce ka kana tsaye a layi. Ni a ganina wannan ya fi komai muhimmanci a darasin nan. Duk inda za a shigar da bayananka, kada ka miƙa takarda ka koma gefe kana latsa waya. Tsaya a kan mai shigarwar, ka ce ya juyo maka da sikirin, ka karanta harafi bayan harafi kafin ya tura. Ba raini ba ne, sunanka ne. 'Yan'uwa mata, ku ma ku daina bai wa ƙane ko wani ɗan unguwa ya je ya cike muku, shi ba ruwansa idan an rubuta Hafsa maimakon Hafsat.

Sai maganar da ke cin kuɗin mutane a shagon waya: RAM da ma'ajiya. Da yawanmu duk memori muke ce musu, alhali ba ɗaya ba ne. Ɗauki tela. Yana da teburin da yake shimfiɗa yadi ya yanka, yana kuma da kabad da yake jibge ɗinkunan mutane. Teburin shi ne RAM, kabad ɗin shi ne ma'ajiya. Idan tebur ƙarami ne, ko kabad ya kai ɗaki girma, aiki ɗaya zai iya shimfiɗawa a lokaci guda. Shi ya sa waya mai ma'ajiya 128 za ta iya riƙa sandarewa idan RAM ɗinta 2 ne. Yanzu kuma akwai wata dabara: a jikin kwali a rubuta RAM 8 da manyan baƙi, a ƙasa da ƙanana a sa 4+4. Huɗun farko ne na gaskiya. Huɗun biyu aro aka yi daga ma'ajiya, kuma bai kai na asali sauri ba. Ka tambayi mai shago nawa ne na asali kafin ka ƙirga kuɗi.

Wani bambancin: duk abin da ke kan RAM gogewa yake da zarar wuta ta ɗauke. Ɗaliban da ke buga aikin kammala karatu sun san wannan ciwon, shafi goma su tafi saboda ba a adana ba. Ctrl da S, ka mayar da su kamar numfashi.

Awo kuma fa? Kamar yadda muke da mudu da tiya da buhu, haka kwamfuta ke da nata. Mafi ƙanƙanta shi ne bit, ko dai 0 ko 1. Bit 8 ne ke ba da bait ɗaya, kusan harafi ɗaya na boko kenan. Bait dubu kilobait, kilobait dubu megabait, megabait dubu gigabait, ko da yake a wani lissafin 1024 ake ɗauka maimakon 1000. Rubutu ba ya da nauyi, wannan shirin gaba ɗaya a rubuce bai kai kilobait 10 ba. Bidiyo ne ke shanye gigabait kamar rairayi da ruwa. Af, ga wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: saƙon tes na yau da kullum yana ɗaukar harafi 160, amma da ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ mai lanƙwasa, sai ya koma 70, a caje ka kuɗin saƙo biyu ko uku. Ba zaluntar Hausa aka yi da gangan ba, tsarin da aka gina tes a kansa ne bai tanadi haruffanmu ba.

Gangar jiki da manhaja ba sai na daɗe a kansu ba. Abin da hannu ke taɓawa, sikirin, batir, kibod, shi ne gangar jiki. Umarnin da ke tafiyar da shi, irin su Android da Windows da WhatsApp, shi ne manhaja. Amfanin sanin wannan shi ne a wurin mai gyara: idan ya ce zai yi wa wayarka filashin, manhaja zai sake zubawa, kuma hotunanka da lambobinka na iya tafiya. Ka kwashe su tukuna.

Inda ake tara bayanan mutane masu yawa a tsare, shi ake kira rumbun bayanai. NIN ɗinka na cikin na hukumar NIMC, BVN kuma, wadda aka fara a 2014, na cikin na bankuna. A watan Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa, wadda ta ba ka haƙƙin sanin me za a yi da bayananka kafin ka bayar. Saboda haka idan an turo maka wani fom a guruf an ce tallafi ne, a sa BVN da lambar kati da lambar da banki zai turo, ka sani datarka ake nema, ba ta lodawa ba, waccan ta gaske.

Masu JAMB a gaba, ko ba ka iya linzami ba, kibod zai fitar da kai: A, B, C, D na zaɓen amsa, N ka je tambaya ta gaba, P ka koma baya, S kuma na miƙa aiki ne, kada yatsanka ya je kusa da shi sai ka gama. Wanda ke da laftof a gida, don Allah ya zaunar da ƙannen unguwa ko na awa ɗaya ne a ranar Asabar su saba da ita.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga maganar kalmar sirri da yadda ake sace asusun WhatsApp. Sai mun haɗu.