Shin Ko Kun San? Tsabar Dala 20 Da Aka Sayar Kan Dala Miliyan 18.9

Shin ko kun san cewa ranar 8 ga Yunin 2021, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon tsabar zinare ƙwaya ɗaya a birnin New York kan dala miliyan 18.9? Dala 20 aka rubuta a jikinta. Ita ce Double Eagle ta shekarar 1933. Nauyinta giram 33 da ɗoriya, zinaren cikinta kuma bai cika oza ɗaya ba, don haka da a sikelin mai sayen gwal za a ɗora ta, kuɗinta ba zai wuce 'yan dubban daloli ba.

Ko kun san guda 445,500 irinta aka buga a Philadelphia? Kafin su shiga hannun jama'a, Shugaba Franklin Roosevelt ya hana mutane tara zinare a watan Afrilun 1933, daga baya aka narkar da kusan dukkansu. Biyu aka ajiye a gidan tarihi na Smithsonian. Wasu 'yan kaɗan kuma suka sulale ta bayan fage, gwamnatin Amurka ta ɗauke su a matsayin kayan sata.

Ko kun san Sarki Farouk na Masar ya sayi ɗaya a 1944, har da takardar izinin fitar da ita daga Amurka? Bayan an tumɓuke shi, an sa ta cikin kayan gwanjo a Alƙahira a 1954, sai Amurka ta nemi a janye ta, daga nan ta yi ɓatan dabo. Sai a 1996 jami'an tsaro suka ƙwace wata tsaba a New York, wadda ake kyautata zaton ita ce ta Farouk. Bayan shari'a da sulhu, aka sayar da ita a 2002 kan dala miliyan 7.59, mai saye ya ƙara dala 20 domin ta zama halastaccen kuɗi. Ita ce aka sake sayarwa a 2021, ita kaɗai doka ta yarda wani ya mallaka, kuma nan ne tsadarta take.

Ko kun san tsabar kuɗi ma ana ba ta maki? Ma'aunin da William Sheldon ya fito da shi a 1949 yana tashi daga 1 zuwa 70. Daga 60 zuwa sama na tsabar da ba ta taɓa yawo a hannu ba ne. Kamfanoni irin su PCGS da NGC kan sa madubi su duba ƙarce, ƙyalli da kyawun bugu, kuma maki ɗaya tak na iya ninka farashi. Wannan tsabar ta samu 65.

Abin takaici, mutane da yawa kan goge tsohuwar tsabar da suka gada don ta yi sheƙi. Gogewar na barin siraran ƙarce da ƙwararru ke ganewa nan take, sai su ƙi ba ta maki, su rubuta cewa an goge ta, farashinta ya faɗi warwas.