Green Bay Packers: Ƙungiyar da magoya bayanta suka mallaka

A gasar zari-rugar Amurka ta NFL, attajirai ne ke riƙe da ƙungiyoyi, ban da Green Bay Packers ta jihar Wisconsin, wadda aka kafa a 1919.

Da rashin kuɗi ya nemi durƙusar da ita a 1923, mutanen garin suka sayi hannun jari domin ceto ta. A yau masu hannun jarin sun haura 500,000, kuma ba a raba musu riba. Tsarin ne ya hana a mayar da ita babban birni.

Ƙungiyar ta lashe kambun gasar sau 13. Tun 1993, ɗan wasanta da ya ci maki a filin Lambeau kan daka tsalle cikin 'yan kallo, su rungume shi.