FASHIN BAƘI: Abin da ke sa suna ya ɓace ko ya maimaitu a rajistar masu karɓar tallafi

Duk lokacin da za a raba abinci ga waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka kora daga gidajensu, ko takin zamani ga manoma a ƙananan hukumomi irin su Batsari da Safana, koke biyu ne ba sa ƙarewa: wani sunansa ya fito sau biyu, wani kuma ko sau ɗaya bai fito ba. Akan ɗora laifin a kan son zuciya, kuma ba a rasa shi. Sai dai akwai wani sanadi da ba a cika ambata ba, wato yadda aka gina rajistar tun farko.

Rajista mafi sauƙi ita ce dogon jeri guda, kowane layi da sunan mutum, ƙauyensa, mazaɓarsa da abin da ya karɓa. A nan matsala take farawa. Magatakarda ɗaya zai rubuta Muhammadu, wani Muhammad, wani Mamman, alhali mutum ɗaya ne. Wannan ya rubuta Ruma, wancan Rumah, sai kwamfuta ta ƙirga garuruwa biyu.

A 1970 ne Edgar Codd, wani masanin lissafi haifaffen Ingila da ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya fito da tsarin da ke magance haka, wanda a yau bankuna da hukumomi da dama ke gina rumbun bayanansu a kai. Ka'idarsa ita ce kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, a wuri ɗaya. Mazaɓu da jadawalinsu, ƙauyuka da nasu, gidaje da nasu, mutane da nasu, sannan a ɗaure su da lambobi.

Kowane layi yana da lambar da babu mai irinta, ita ake kira babban mabuɗi. Lambar NIN da ta BVN, masu alƙaluma 11 kowace, irin wannan aikin suke yi a matakin ƙasa. Amma tunda ba kowace mace ko yaro a karkara ke da su ba, ya kamata rajistar ta ba kowa lambarta ta kanta, a ƙara NIN idan akwai. Lambar waya kuwa ba ta isa mabuɗi ba, domin waya ɗaya kan yi wa gidaje da dama aiki, kuma layi kan ɓata.

Alaƙar da ke tsakanin jadawalan iri uku ce. Ta farko ita ce ta ɗaya da masu yawa. Mazaɓar Darini/Magaji Abu a Batsari tana da ƙauyuka da yawa, amma kowane ƙauye mazaɓa ɗaya yake. Don haka a gaban sunan ƙauye lambar mazaɓarsa kawai za a rubuta. Idan aka gyara rubutun sunan mazaɓar a jadawalinta, an gyara shi ko'ina.

A nan wajibi ne mai tsarawa ya san ƙasar Hausa. Gida ɗaya na iya ƙunsar magidanta uku ko huɗu, kowa da tukunyarsa, kuma magidanci ɗaya na iya samun mata har huɗu. Wanda ya ɗauka ƙofa ɗaya iyali ɗaya ce, zai ba mutum talatin buhun da aka auna wa mutum shida.

Ta biyu ita ce ta masu yawa da masu yawa. Mutum ɗaya zai iya karɓar tallafi a rabo daban-daban, kowane rabo kuma mutane da yawa ne ke amfana. Irin wannan alaƙa tana buƙatar jadawali na uku a tsakiya, kamar gada, mai ɗauke da lambar mutum, lambar rabo, kwanan wata da adadi. Idan aka kafa sharaɗin kada lambobin nan biyu su haɗu sau biyu, kwamfuta da kanta za ta ƙi karɓar zagaye na biyu.

Haka ma batun mazauni. Wanda ya gudo daga ƙauyen da ke bakin dajin Rugu zuwa cikin garin Batsari, daga baya ya koma da damina, ba a goge tsohon adireshinsa. Jadawalin mazauni ne zai riƙe inda ya zauna, daga yaushe zuwa yaushe. In ba haka ba, ko dai a ƙirga shi a wuri biyu, ko kowane wuri ya ce ba nasa ba ne.

Ta uku ita ce ta ɗaya da ɗaya. Lambar asusun banki da ta waya akan ware su a jadawali na daban da mutane kaɗan ke iya buɗewa. A yankin da ake fargabar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, jerin waɗanda suka karɓi kuɗi ba abin yawo da shi ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

Wurin da ya fi haɗari shi ne gogewa. Ana iya saita rumbu ta yadda goge layi ɗaya zai tafi da duk layukan da ke rataye da shi. Idan aka rataya mata da yara a lambar maigida, ranar da ya rasu aka cire sunansa, iyalinsa duka sun fita daga rajistar, a daidai lokacin da suka fi buƙatar taimako. Mafita ita ce a rataya kowa a lambar iyali, shugabancin iyali kuma ya zama matsayin da zai iya komawa kan matarsa ko babban ɗansa.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin a shigar da suna ko ɗaya, masu tsara rajistar su zauna da masu unguwanni, dagatai da matan da suka san kowane ɗaki, su amsa tambayoyi uku: mene ne iyali a nan, ina za a rubuta wanda ya yi ƙaura, kuma wa zai ci gaba da karɓa idan maigida ya rasu.