Ƙarfen da Ke Gudana a Cikin Jini

Ƙarfen da ya rina ƙasar marmara ja, shi ne kuma silar jan launin jini. A jikin baligi akwai giram 3 zuwa 4 kacal, nauyin ƙaramar ƙusa. Kusan kashi biyu bisa uku yana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. Idan ya yi ƙaranci, kasala kan kama ɗalibi, karatu ya ƙi zama.

Hanta, nama, wake da zogale suna samar da shi. Lemon tsami kan taimaka wa hanji wajen tsotse shi, shayi kuwa kan rage. Sai dai ƙwayar maganinsa tana bukatar izinin likita, domin rararsa a hanta da zuciya take taruwa.