Tsarkin Nasaba da Ciwon Ƙoda a Karnukan Turawa

Tun lokacin da aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Ingila a shekarar 1873, masu kiwon karnuka suka ɗauki tsarkin nasaba tamkar wani rukuni da ba a saɓa masa, har ya zama kare ba ya shiga kundinsu sai uwarsa da ubansa suna ciki, kuma namijin da ya ci gasa shi kowa ke kai wa karyarsa barbara. Illar da wannan ɗabi'a ta haifar, wadda ba ta bayyana ba sai bayan zuriya ta yi nisa, ita ce aibin da ke ɓoye a jikin kaka guda ya game dangi baki ɗaya.

A jinsin Cocker Spaniel na Ingila al'amarin ya fi tayar da hankali, domin uwa da uba suna iya kasancewa ɗauke da aibin alhali lafiyarsu ƙalau, amma duk kwikwiyon da ya gaje shi ta ɓangarorin biyu, wanda bisa ƙiyasi ɗaya ne cikin huɗu, matatar ƙodarsa kan lalace har furotin ya riƙa zuba cikin fitsari. Za ka ga kwikwiyo ya ƙwallafa rai a kan kwanon ruwa, yana rama, yana amai, galibi bai cika shekara biyu ba ajali ya riske shi. Irin wannan larura a jinsin Samoyed maza ta fi kashewa, kuma ita ce takwarar cutar da likita Cecil Alport ya siffanta a jikin ɗan Adam a 1927.

Da masana a Amurka suka gano asalin aibin Cocker Spaniel a 2007, gwajin ƙwayar gado ya samu, kuma haƙiƙa rahama ce babba. Sai dai a ganina maslahar ba ta cika ba, saboda in aka kore duk mai ɗauke da aibin daga kiwo, jinin da dama ya ƙuntata zai ƙara ƙuntata, wata cutar ta samu ƙofa. Masu kiwon Basenji, jinsin da ciwon ƙodar Fankoni ya addaba, sun fi dacewa da daidai, domin sun koma Kwango, mahaifar jinsin, suka ɗauko karnukan ƙauye, aka buɗe musu kundin nasaba na Amurka a 1990.