Gizo daban, Kura daban

Tun 1974 ake wasan Dungeons & Dragons a Amurka: a kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wata halitta ta almara. Abin da ke damun masu tsara wasan shi ne kada halittun su zama mutum guda mai sauya riga.

Mu a Damagaram mun daɗe da sanin maganin. Gizo ga wayo ga tsamin baki, Kura kuwa kwaɗayi ke jefa ta rami. A wasan kara ma, tafiya da magana ke nuna wane babba saurayi ke kwaikwayo.

Iyayenmu mata na Kasuwar Dole, in za ku yi tatsuniya, ku ba kowace halitta muryarta da halinta. In ba haka ba, waya za ta ƙwace mana yara.